Zuwa ga kamfanin da ya canja mini taimin bel a Kumasi

Manaja, sallama.

Jiya da la'asar na sake kiran lambar ofishinku, ta yi ta ƙara har ta katse. Da na ari wayar ƙanena na kira, nan take aka ɗauka. To na gane. Shi ya sa na rubuto a fili, inda sauran direbobi za su gani.

Ranar 6 ga Fabrairu na kawo muku motata, Kia Picanto ta 2010, wadda nake tasi da ita tsakanin Aboabo da Kejetia. Lafiyarta ƙalau. Lokacin canja bel ne ya yi, ni kuwa ba na wasa da shi, don taimin bel, robar nan mai haƙora da ke daidaita juyawar inji, sau da yawa ba ya gargaɗi kafin ya tafi. Na bar fitocin da na saba da su, wato makanikan Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, na zo wurinku saboda kuna ba da rasit da garanti. Na biya sidi 2,300. Ga rasit ɗin a gabana: bel, tenshina mai ɗame bel, sil ɗin mai guda biyu, kuɗin aiki, garantin wata shida.

Cikin watan Afrilu, na ɗauko iyalin wani maƙwabcina za mu suna a Offinso, inji ya mutu muna cikin tafiya. Na murza makulli, sai na ji yana juyawa da sauri, sakayau, kamar babu komai a cikinsa. Duk direban da ya taɓa jin wannan ƙarar ya san an gama. Mata da yara a bakin titi cikin rana, kuɗin janwe sidi 650.

A Magazine fita ya cire murfin bel a kan idona. Bel sabo ne, ban musa ba, amma haƙoransa sun zube wajen tsawon taƙi guda. Tenshina kuwa tsohuwar nan ce da na zo da ita, da tsatsarta, boris ɗin da take juyawa a kansa ya bushe ya ƙame, ko da hannu ba ya juyawa. Sil ɗin sama yana yoyon mai a kan bel, alhali mai yana cin roba. Bawul shida cikin 12 sun lanƙwashe.

Bari in tuna muku aikinku, tunda da alama an manta. Bel ɗin nan shi ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama: na ƙasa ya zagaya sau biyu, na sama sau ɗaya, don bawul ya buɗe ya rufe kafin fistan ya iso. A irin wannan inji bawul da fistan wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ya raba su. Bel ya tsallake ko ya tsinke, fistan ya daki bawul. Abin da ke riƙe bel ya tsaya cak a kan haƙoransa kuwa ita ce tenshina, shi ya sa ake canja su tare. Yawancin masu ƙera motoci suna sa a canja bel tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko bayan shekara biyar zuwa bakwai. Nawa bai cika kilomita 9,000 ba.

Ranar 22 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, na aje tenshinar nan a kan kantarku. Shugaban garejinku bai ko ɗaga ta ba. Ya ce, "Alhaji, bel roba ne. Ku 'yan tasi kuna kashe mota, sannan ku zo neman na banza." Da Turanci ya faɗa, ya kuma maimaita da Twi don waɗanda ke zaune su ji. Na haifi kamarsa. Na yi shiru ne don kada a ce ɗan Zango ya zo ta da rigima.

Tun daga nan sai gobe, sai jibi, manaja ya tafi Accra. Gyaran kan inji ya ci sidi 4,800, bashi na ciwo, ban da makonnin da mota ta yi a kafe ba ko sisi.

Ina so ku mayar mini da 2,300 ɗina, ku biya gyara da janwe. Kuma ina tambaya: tenshinar da na biya kuɗinta, motar wa aka ɗaura wa, ko wa aka sake sayar wa? Kun san bel a bayan murfi yake, mai mota ba ya gani, kuma ba ku taɓa miƙa wa mutum tsofaffin kayan da kuka ciro. A tasharmu kaɗai na ji wasu direbobi da labari irin nawa. Ku kira duk wanda kuka yi wa wannan aiki bana, ku buɗe murfin a gabansa.

Na ba ku zuwa ƙarshen wata. In ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit da tenshinar ofishin ƙungiyarmu ta direbobi, GPRTU, daga can kuma kotu.

Direban tasi,
Aboabo, Kumasi