Alƙalin da amininsa ya naɗa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili kan wata gardama da ta hana mu shan shayi cikin natsuwa a majalisarmu ta Agege. Wani maƙwabcina ɗan canji ya kafe cewa duk alƙalin da ɗan siyasa ya naɗa, yaronsa ne har kabari. Na daɗe ina tafinta a kotu nan Legas, na ga masu tsoron Allah, na ga 'yan amshin shata, shi ya sa na jawo masa labarin David Davis na Amurka.

Davis lauya ne a garin Bloomington, jihar Illinois. A 1848 ya zama alƙalin zagaye, yana bin garuruwa yana shari'a, lauyoyi na biye, cikinsu har da amininsa Abraham Lincoln. A 1860 shi ya yi ruwa ya yi tsaki a taron Chicago har Lincoln ya samu takarar shugaban ƙasa. Bayan shekara biyu, Lincoln yana shugaban ƙasa ya kai shi Kotun Ƙoli. Maƙwabcina ya buga cinya: "Ka gani ko, Malam? An biya shi ladansa!"

Na ce Alhaji, dakata. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, kotun soja ta yanke wa wani farar hula, Lambdin Milligan, hukuncin rataya. A 1866 Davis da hannunsa ya rubuta cewa muddin kotunan ƙasa na buɗe, soja ba su da hurumin yi wa farar hula shari'a. Abin da gwamnatin amininsa ta kafa ya rushe ke nan. Mu da muka ga 1995, ranar da aka rataye Ken Saro-Wiwa a Fatakwal bisa hukuncin kotun da gwamnatin soja ta kafa, mun san nauyin wannan magana.

Alhaji bai kasa ba. Ya ce ai Lincoln ya rasu tun 1865, wa zai ji wa kunya? Na haɗiye yawu.

Ni inda nake ganin laifin Davis daban ne. A 1877 aka kafa hukumar mutum 15 kan rikicin zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Hayes da Tilden, kowa ya zuba ido shi ne zai zama ɗan ba-ruwanmu a ciki. Sai Illinois ta zaɓe shi sanata, ya karɓa, ya janye jiki. Aka sa wani, ƙuri'a ta tashi 8 da 7, Hayes ya hau. Wannan ban gaya wa Alhaji ba tukuna, don ranar ni na biya kuɗin shayi.

Naka,
Tsohon tafintan kotu,
Agege, Legas