Rahoton Ayyukan Shekara: Gwajin Gilashin Laowa 15mm a Lambu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Babban aikin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto a bana shi ne gwajin gilashin kyamarar da aka saya da kuɗin asusu, wato Laowa 15mm f/4, gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa da ya fito a 2015, ƙirar kamfanin Venus Optics na ƙasar Sin. Fitar damina da ta hunturu duk a lambunan kuɓewa da yakuwa da zogale aka yi su.

Gilashin ba ya magana da kyamara. Da hannu ake saita fokas, da hannu ake juya ƙofar haske daga f/4 (a buɗe sosai) zuwa f/32 (a matse sosai), kuma kyamara ba ta adana lambar da aka yi aiki da ita, sai mai ɗauka ya rubuta da kansa. A kyamarori masu madubi, da an matse ƙofar sai mahangi ya yi duhu. Don haka a saita a f/4, a matse zuwa f/11 ko f/16, sannan a danna. Daga f/22 zuwa sama hoto yakan fara laushi.

Masu talla suna cewa yana ɗaukar abu daidai girmansa a kan sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), wato 1:1. Gaskiya ne, amma a nan tazarar da ke tsakanin gilashi da abin ɗauka milimita 4.7 ce kacal. Gilashin kansa ke tare haske, ƙudan zuma ba ya jira, garin fure kuma na manne wa fuskar gilashi. Ra'ayin kwamiti shi ne a tsaya tsakanin 1:4 da 1:2, wato rubu'in girman abu zuwa rabinsa. A nan ne fara take cika hoto a kan ganyen kuɓewa, ana ƙirga ƙayoyin ƙafarta, ga kunyoyin lambu da sararin sama a bayanta. Gilashin 100mm mai ƙunƙuntaccen gani ba zai ba da wannan ba.

Faɗin ganinsa digiri 110 ne a kan cikakken sensa, shi ya sa leda da bokiti da inuwar mai ɗauka ke kutsowa. A share bayan fage tukuna. A cire hular da ke kare gilashi daga hasken gefe, a riƙe filasha a gefe an lulluɓe ta da farin ƙyalle, kada ta zauna a kan kyamara. Da sanyin safiya aka fi samun nasara: iska ba ta tashi ba, ƙwari ba su warware ba, furen kuɓewa kuma a buɗe yake.

Hunturu ya kawo tasa matsalar: a f/16 duk ƙurar da ke kan sensa tana fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama. A daina sauya gilashi a fili.

Baɗi za a sayi ƙaramar filasha mai lanƙwasasshen hannu. Mai son aron gilashin ya rubuta sunansa wajen ma'aji, ya kuma dawo da shi a goge, da murfinsa biyu.

Kwamitin Gudanarwa