A Daina Amsa Mai Neman Hujja da Zagi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in yi magana a kan batun mulhidai, masu cewa babu Allah sai an kawo musu hujja. Ƙanina ne ya sa ni rubutun nan, kwanaki ya zauna gabana yana ta juya waya a hannu ya kasa haɗa ido da ni, can sai ya ce yaya, in wani ya ce min ina hujjar samuwar Allah me zan ce masa? Wallahi da farko raina ne ya ɓaci na kusa daka masa tsawa, sai na lura hannunsa rawa yake, na gane yaron nan tsoro ne ya cika shi.

Malam Edita ai tambayar nan ba yau aka fara ta ba. Imam Gazali da ya rasu a 1111 ya amsa ta da hujjar hankali, cewa duk abin da yake da farko dole akwai wanda ya samar da shi, duniya kuma tana da farko, alhali a zamaninsa masu falsafa da yawa cewa suke haka take tun fil azal. Sai ga shi a 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya gano gungun taurari masu nisa sai ƙara nisa suke da mu, yau masana na cewa sararin samaniya ya fara ne kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Ban ce an auna Allah a ɗakin gwaji ba, ba a auna shi, mai jiran a nuna masa shi a na'ura ya ɗauko mudun da ba na wurin ba ne. Amma tambayar Suratu Ɗur aya ta 35 tana nan daram, an halicce su ne ba daga komai ba ko kuwa su ne masu halittar?

Mulhidi zai ce to wa ya halicci Allah, sai ka ce masa ƙa'idar a kan abin da yake da farko take magana.

Haka muka kai tsakar dare ni da yaron nan. Har yanzu yana dawowa, tambayar jiya ita ce me ya sa jarirai ke shan wahala, na ce ya ba ni kwana biyu in je wajen malam.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku