Wasiƙa zuwa Agadas, a kan ramukan da aka bar mana

Bukuru, Jihar Filato.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma Hajiya, wadda na ji an ce ƙafar tata ta yi sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa. Saƙonka ya iso tun tuni, na jinkirta amsa ne domin maganar da ka ɗauko ta fi ƙarfin saƙon waya, tana buƙatar a zauna a rubuta ta a tsanake.

Ka rubuto cike da murna cewa tun da gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yunin 2025, to an binne mulkin mallaka ke nan a Arlit. Ina taya ka murna har zuciyata, domin ƙasar da ake kwasar yuraniyom ɗinta tun 1971 ana haskaka biranen Faransa, alhali yawancin mutanenta suna kwana cikin duhu, har wutar da Yamai ke samu ma shekara da shekaru mafi yawanta daga Najeriya ake jawo ta, tana da haƙƙin ta ce ya isa. Amma batun binnewa ban yarda da shi ba. Na san tun muna makaranta ba a kayar da kai a gardama, sai dai wannan karon ka saurare ni, saboda mu nan Filato mun riga ku bin wannan hanya, kuma a bakin abin da ta bari muke zaune.

Kafin Bature ya hau tsaunin nan, mutanen Ririwai sun san kuza, suna wanke shi, suna narka shi a murahunsu, fatake suna kai shi kasuwanni. Sawun wannan kuza na kasuwa Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya bi, har ya turo masu bincike a 1902. Da suka tabbatar da yawan arzikin, sai dokar gwamnatin mallaka ta mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakin Sarautar Ingila, aka danƙa wa kamfanoni filaye, masu narkawa na gida kuma aka tsuke su har sana'ar ta mutu. Shi Kamfanin Neja, lokacin da aka karɓe mulki daga hannunsa a 1900, an yi masa alkawarin rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinan wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Ƙaramin layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso nan a 1914, aikinsa ya ɗauki buhunan kuza ɗanye zuwa teku, a kai Ingila a narka. Sai bayan samun 'yanci, a farkon shekarun 1960, aka buɗe masana'antar narka kuza a Makeri. Wato an kashe masu narkawa na gargajiya, aka kuma yi rabin ƙarni ba a gina ta zamani ba, kuma ba na jin wannan mantuwa ce.

Ka tuna labarin da Kaka yakan ba mu a zaure, wanda ku kukan tsere idan ya fara? Yanzu na san nauyinsa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza ana tsakiyar yaƙi, sai ta juyo kan Filato. Aka ɗora wa hakimai da dagatai adadin mutanen da kowa zai kawo, aka ɗebo manoma dubbai daga lardunan Arewa, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin ƙasarsu aka jibge su cikin sanyin Barikin Ladi da Bukuru, babu bargon kirki, babu isasshen abinci, da kwano a ka daga safe har yamma. A 1943 aka fitar da kuza sama da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba, kuma mutane da yawa ba su koma gida ba. Kaka yana cikin waɗanda suka rayu, ya zauna, shi ya sa aka haife mu a nan. Su kuma Birom, gonakinsu aka yi wa ramuka. An tara baƙi da 'yan ƙasa wuri guda saboda buƙatar kamfani, kowa da barikinsa da shugabansa, ba a taɓa zama an tsara yadda za su rayu tare ba idan kuza ya ƙare. Ba na cewa wannan kaɗai ya haifar da abin da ya faru a Jos a 2001, wanda ya raba ka da garin nan, amma wanda ya cire shi daga lissafi bai faɗi gaskiya duka ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Layin dogon Inugu saboda kwal aka shimfiɗa shi zuwa Fatakwal, kuma a can Iva Valley ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 ranar 18 ga Nuwamba 1949 a kan rikicin albashi. Tagullar Katanga ta ƙasar Kwango layin dogo aka yi mata zuwa gaɓar teku a Angola, yuraniyom ɗin mahaƙar Shinkolobwe ta can Katanga kuma shi aka yi amfani da shi a bam ɗin Hiroshima. Ko'ina hanyar daga rami take tashi ta nufi teku.

To, ga inda nake so ka tsaya. Mu ma mun yi murna irin taku. Dokar 1972 ta fara mayar da hannun jarin kamfanoni ga 'yan ƙasa, tutoci suka sauya, manajoji suka zama namu. Amma tsarin bai sauya ba: a haƙa a nan, a sarrafa a can, farashi kuma a yanke shi a Landan. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985, kamfanonin suka watse, aka bar mana kududdufai barkatai, masu zurfin da duk damina sai sun ci yara da dabbobi, da tarin ƙasar da ba ta noma. Yawancinsu ba wanda ya cike su, lokacin Bature ko bayansa. Kuma a nan dole mu ɗauki namu kason na laifi, domin ba Bature ne ya hana masana'antar ƙarfe ta Ajakuta aiki ba. Tun 1979 aka ba da kwangilarta ga Tarayyar Sobiyat, ga tama a Itakpe kusa da ita, amma har yau babban murhunta bai narka tama ba. Masaƙun Kakuri ma da suka ciyar da gidanku, a hannunmu suka mutu. Botsuwana kuwa ta riƙe rabin kamfanin haƙar lu'ulu'u na Debswana, ta kuma matsa har De Beers, mai ɗaya rabin, ya dawo da cinikin lu'ulu'unsa daga Landan zuwa Gaborone a 2013. Abin yana yiwuwa ke nan, idan an samu shugabannin da suka san abin da suke nema a teburin ciniki.

Duk wannan dogon bayani, gaskiyar magana, Auta ne ya sa ni yin sa. Ya bar makaranta ya shiga loto. Shi da abokansa suna haƙa rijiya mai ƙunci a tsofaffin filayen kamfani, a zura mutum da igiya da fitila a goshi, ya bi ƙarƙashin ƙasa yana sara, na sama suna jawo bokiti, mata suna wankewa a bakin kududdufi. Babu katakon tokare rami, babu iskar kirki a ciki. Da yamma mai saye ya zo da sikelinsa ya faɗi farashi, shi ma wani ne ya faɗa masa, daga nan kaya su nufi Legas su hau jirgin ruwa. Na zaunar da shi na yi masa maganar ramin da ya rufta da mutane a Galkogo ta Shiroro a watan Yunin 2024, da yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, saboda iyayensu suna niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Ya saurare ni da ladabi, sa'an nan ya tambaye ni aikin da zan ba shi idan ya bari, ya kuma lissafa mini yayyensa masu digiri da ke zaune a gida. Inna ba ta barci sai ta ji shigowarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, aikin da aka tilasta wa Kaka da dokar gwamna, jikansa yana yin sa da ƙafarsa, cikin hatsarin da bai gaza na wancan lokacin ba, kuma kayan na bin hanyar da suka saba bi.

Saboda haka ina roƙonka, tunda aikinka yana kai ka Arlit, ka duba mini abubuwan da ba a faɗa a rediyo. An rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a watan Maris na 2021, aka bar tarin sharar yuraniyom mai nauyin miliyoyin tan kusa da Akokan. Wa ke da alhakin rufe ta yanzu, kuma wa ke duba ruwan rijiyoyin da mutane ke sha? Tsofaffin ma'aikatan da suka kamu da ciwo, wa ke biyan maganinsu? Daga kuɗin da za a samu, nawa zai tsaya a Arlit da Agadas? Idan amsoshin suka yi daɗi, ni ne farkon wanda zai rubuto ya ce ka yi gaskiya.

Sa'an nan don Allah ka kira Auta a waya cikin makon nan. Yana jin maganarka fiye da tawa, kuma har yanzu yana ambaton lokacin da kake koya masa gyaran injin ban ruwa. Kawu ya ce zai ɗauke shi a garejinsa idan ya amince, ni kuma na ɗauki nauyin kuɗin motarsa da abincinsa har ya ƙware. Kada ka nuna masa ni na sa ka.

Inna tana gaishe da Hajiya, maiɗakina kuma tana gaishe da taka. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka, amininka.