Wasiƙa Zuwa Agadas: Tsohuwa Ta Haye Ruwa

Haɗeja, daren Laraba.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya zafin Agadas? Shirun ya yi yawa. Rabona da jin muryarka tun ƙaramar salla, in na kira lambarka sai wata mata ta yi ta zuba mini Faransanci. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in ba direban da ke lodin Maigatari ya miƙa wa ƙaninka a Damagaram. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne bikin autar Goggo, ana ta tambayata ko za ka samu zuwa. Amma bari in fara ba ka labarin Tsohuwa, motata Land Cruiser, don tun shekaranjiya yake cin raina.

Ta haye! Wallahi ta haye. Ka san kwarin nan na hanyar Guri, inda muka taɓa kwana da buhunan kifi muna korar sauro da kwali? Bana ruwa ya shafe wurin gaba ɗaya. Na sauka na naɗe wando na taka shi da sanda, a tsakiya ya kawo mini cinya. Na dawo na zauna a inuwa kusan minti ashirin don ƙarfe ya huce, fasinjoji suna ta gunaguni, sannan na sa ogzilari, giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja, na ba ta giya ta biyu, muka shiga da bismilla. Tana tura ruwa a gabanta kamar saniya, ba ta yi ko tari ba. Sai dai ba hayewar ce ta hana ni barci don murna ba. Jiya da safe, bayan ta kwana a tsaye, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta, na sassauta notin zubar da mai ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun: na giyabos, na akwatin ogzilari da na aksul biyu. Ka san in ruwa ya shiga, shi ke kwantawa a ƙasa, shi zai fara ɗigowa. Ko ɗigo babu. Mai ne zalla, launin zuma. Na daɗe a kwance a wurin ina hamdala, har yaron gareji ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ba za ka gane daɗin ba sai ka tuna abin da ya same ni bara. A wannan kwarin ne, kuma ruwan bai kai na bana ba. Na haye lafiya, na ci gaba da aiki sati biyu cur. Sai giyabos ya fara wani siririn kuka, in na ɗaga ƙafa daga totur ya canza murya. Da Oga, makanikinmu, ya kwance notin, abin da ya zubo a kwano sak kunun gyaɗa. Ya tsoma yatsa ya murza ya miƙo mini, bai ce komai ba. Boris duk sun yi tsatsa, haƙoran giya sun fara ɓurma-ɓurma. Kuɗin da na ajiye na rufin ɗakin Inna, a can suka ƙare.

Abin da ya fi damuna shi ne ban san ta ina ruwan ya bi ba, don babu inda motar ke yoyo. Sai Oga ya ɗauko robar ruwa wadda babu komai a ciki, da ta sha rana a kan bonet, ya ɗaure murfin, ya jefa ta cikin randa. Muna kallo ta lotse, har da ƙara. Ya ce to ka ga giyabos ɗinka. In ka yi tafiyar awa biyu, ƙarfen ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, iskar ciki ta kumbura, tana fita ta wani ɗan hanci da aka yi masa a sama. Kana faɗawa ruwan sanyi sai iskar ta tsuke lokaci guda, ya shiga zuƙo duk abin da ke bakin hancin. In iska ce, iska. In ruwa ne, ruwa. In kuwa laka ta toshe hancin, kamar yadda ta toshe nawa, sai ya zuƙo ta bakin sil, robar da ke hana mai yoyo, inda farfela ke shiga.

Kai da ba ka san ruwa ba sai na salka, na san yanzu ka fara hamma. Ku mutanen rairayi ai in hadari ya haɗu sai ku fito kallo kamar an kawo kura gari. Yi haƙuri ka karanta, akwai rabonka a gaba.

Maganin kuwa shi ne a ja hancin da tiyo zuwa sama, inda ruwa ba zai kai ba. Hancin nan ba ɗaya ba ne, huɗu ne: na giyabos, na akwatin ogzilari, na aksul ɗin gaba da na baya. Ɗan ƙarfe ne bai wuce kan yatsa ba, da wata 'yar hula mai motsi. Na aksul su suka fi kusa da ƙasa, su ke fara nutsewa. Na giyabos yana can sama a matse, sai da muka cire robar sandar giya daga cikin mota kafin hannu ya kai. Muka wanke kewayen kowanne da fetur da buroshi tukuna, don kada ƙasa ta faɗa ciki, sannan muka kwance. Na zuba su a aljihu na hau motar Kano, na nufi Ƙofar Ruwa, na yi ta gwadawa har na samu bakin da haƙorinsa ya zo daidai, mai wuyan da tiyo zai kama. Kada ka yarda a ce maka ai zai shiga in an matsa. Jikin giyabos ba ya yafe wannan.

Tiyo kuma na mai na saya, baƙi, mai faɗin milimita 6, mita goma sha biyu. Wani ya so ya sayar mini da farin nan da magina ke awon gini da shi, wai ya fi araha. Zafi da mai cinye shi suke yi, wata uku ya bushe ya tsage. Wurin ja ne aikin yake. Na aksul ɗin baya sai da muka ɗaga shasi da jak har tayoyi suka yi lilo, sannan muka auna, don in ka ja shi a miƙe, ramin farko da ka faɗa zai fizge. Muka bar masa sassauci, muka bi da shi gefen bututun birki, nesa da salansa, ana ɗaurewa duk bayan taƙi biyu. Oga ya hana a bar masa ciki a ko'ina, ya ce tururin mai zai taru a wurin ya zama toshiya. Dukansu muka hau da su cikin bonet, can ƙurya kusa da gilas, muka lanƙwasa bakinsu ƙasa.

Ka san me muka sa a bakin kowanne? Filtar man babur, 'yar ƙaramar nan. Ba don ƙura kaɗai ba, har don zanzaro. In ka bar bakin tiyo a buɗe, kwana uku ya isa ya gina ɗakinsa a ciki, ka koma gidan jiya. Da muka gama, Oga ya buɗe notin zuba mai, ya sa ni in hura ta sama shi yana saurare a ƙasa. Uku suka yi huci. Na huɗu shiru, ashe ya naɗe a bayan tanki. Da ba mu gwada ba fa?

Af, kafin in manta. Mai shayinmu na bakin tasha ya ƙara aure, kuma wa kake tsammani? Ƙanwar wadda ta ƙi ka. Ya ce in gaya maka har yanzu sunanka na cikin littafin bashi, ƙwai huɗu da rabin burodi, kuma ba zai karɓi sefa ba. Kawu yana fama da gwiwa, yanzu a zaune yake salla, amma bakin nan nasa yana nan. Gonarsa ta shinkafa ta wajen Auyo rabi na cikin ruwa. Kowa a nan idonsa na kan kogi, don ba wanda ya manta ambaliyar 2022, lokacin da sai da kwalekwale ake shiga wasu garuruwan. Ciyawar kacalla ta cike hanyoyin ruwa, in aka yi ruwa mai yawa a sama wajen madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ba shi da inda zai bi sai gonaki da gidajen mutane. Kwana biyun nan samari har dare suke cika buhuna da ƙasa suna ƙara jinga.

To ga rabon naka. Kat-kat ɗinka, motar saharar nan da kake tinƙaho da ita, wuni take yi tana haƙa rairayi, babu giyabos ɗin da ya kai naka zafi. Kuma kai da bakinka ka ba ni labarin yadda ƙoramar Telwa ke saukowa daga duwatsun Ayar ba sallama, da ɓarnar da ruwa ya yi wa Agadas a 2009. Ranar da ka taso daga hanyar Dirku da ƙarfe kamar garwashi ka tarar da ƙorama ta kawo, na san halinka, ba za ka tsaya jira ba. Na ga an rubuta wa sababbin Hilux cewa suna shiga ruwa har santimita 70, to taka ta yi shekara nawa, kuma yaushe rabon da wani ya taɓa hulunan nan ya ji ko suna motsi? Don Allah ka shiga ƙarƙashi ka duba. Kuma kada wani yaro ya ce maka a toshe su da gam a huta. An ba ni wannan shawarar. In ka toshe, iskar da ta kumbura za ta turo mai ta sil, a aksul ɗin baya har ya jiƙa maka birki.

Ni ma ban gama ba. Tiyo ba ya hana ruwa mai gudu ya ɗauki mota, don haka in na taka na ji yana jan ƙafata, juyawa nake yi, kowa ya ce abin da zai ce. Ba na taɓa kuloci a tsakiyar ruwa, giyar da na shiga da ita da ita nake fita. In na haye sai in yi ta taka birki a hankali har ya bushe. Abin da ya rage mini shi ne mashaƙar injin kanta. Har yanzu tamfol nake ɗaurawa a gaban lagireto, kuma raina bai kwanta ba, don injin gas in ya sha ruwa ko kofi ɗaya ne, sai dai a sauke shi. Ina son irin doguwar mashaƙar nan da ke hawa gefen gilas, wadda ake sa wa motoci a wajenku saboda ƙura. Nan sababbi sun yi tsada. Ka tambayar mini ta hannu mai kyau, wadda za ta zauna wa Land Cruiser irin tawa, ka duba kada ta kasance da tsaga a gwiwa. In ka samu ka ba ƙaninka, kuɗin zai biyo direban nan.

Ka haɗo da cuku, Inna ta yi ta maganarsa. An ɗauke wuta, da fitilar waya nake ƙarasawa, ga hadari ya sake haɗowa ta gabas kuma gobe ina da lodin Kirikasamma da asuba. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan takwarana.

Naka har kullum,
abokin kwanan kwari.