Tsiwa ce ko tsayawa a kan haƙƙi?

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu nan Zariya hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsage.

Ka ce shugabanka a wurin aiki ya yi ƙorafin shirunka ya yi yawa a taro, kai kuma kana gudun ka buɗe baki a ce kana da zafin kai. Sai da na yi dariya, domin saƙonka ya same mu tsundum cikin irin wannan magana.

An zauna rabon gonar marigayi Baba. Baffa ya kawo shawarar a bar wa maza gonar, mata a ba su abin da ya sawwaƙa. Autarmu, wadda ka sani tana 'yar mitsitsiya, tana can bakin tabarma. Ta gyara mayafi ta ce, "Baffa, a gafarce ni, ni dai ina so a auna, a ba ni rabin kason namiji kamar yadda aya ta faɗa." Ba ta ɗaga murya ba, ko ido ba ta haɗa da shi ba. Yayanmu kuwa, da aka taɓo batun iyaka, zumbur ya miƙe, ya kira ɗan Baffa ɓarawo, ya yi fatali da butar malam, ya fice.

Ka san hukuncin da aka yanke a tsakar gida da yamma? Wai shi namiji ne, ba ya ɗaukar raini. Ita kuma ta yi tsiwa, boko ya buɗe mata ido.

Abin ya tsaya mini a rai. Ita gonar ta nufa, shi kuwa mutum ya nufa. Bayan maganarta Baffa na nan da girmansa, yana iya cewa "to" ba tare da ya ji kunya ba. Bayan ta Yaya, ɗan Baffa har yau bai sake taka gidanmu ba, iyakar kuma ba a daidaita ta ba. Amma mu sai mu duba wa ya yi magana, mace ko namiji, babba ko ƙarami, sannan mu zaɓo sunan da za mu liƙa: wannan tsayayye, waccan fitsararriya. Haka aka yi wa Hajiya Gambo Sawaba lokacin jam'iyyar NEPU, da take neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a. Ta sha ɗauri har sau 16, ta sha zagi. Ta rasu a 2001, yau ga asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan.

Kai matsalarka kara ce. An raine mu da kawaici, ni ma ba na raina shi, amma Bature bai san shi ba, in ka yi shiru ɗauka yake ba ka da ta cewa. Ka faɗi abin da ka gani a kan aikin, da muryarka ta kullum, kada ka ambaci halin kowa. In an katse ka, ka ce ba ka gama ba, ka ci gaba.

Af, an auna gonar ranar Asabar, auta ta samu kasonta, har ta fara maganar shuka waken suya. Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna tana tambaya ko za ku zo babbar sallah.

Naka har kullum,
abokinka na Tudun Wada