Amsa ga Baba Alhaji: kuɗin da muke binnewa a gindin dogayen benaye

Salamu alaikum Baba, ya ƙarfin jiki, ya mutan gida?

Na ga tambayar da kuka ajiye min a Facebook shekaranjiya, har yara suna ta kirana wai tsoho ya ƙure injiniya. Kuka ce kun wuce ta Central Area kun ga wani gini wata biyar ana cikin rami ba a fito ba, alhali Abuja kan dutse take, kuma ku shekara 40 kuna gini ba ku taɓa ganin abin da ya wuce a kafe fila cikin kankare a ɗora bulo ba, to mu 'yan boko me muke binnewa a can ƙasa in ba kuɗin mutane ba? Na yi dariya wallahi, don a hannunku na fara riƙe cebur lokacin hutun makaranta, kuma har yau in na ga bulo ya karkace muryarku nake ji. Amma tunda a gaban jama'a kuka tambaya toh bari in amsa a gaban jama'a.

Wannan kafe fila da kuka faɗa kamar wasa, ai Baba shi ne duk aikin. Ku tuna turken rago. In aka kafa shi a ƙasa mai tauri ya shiga sosai, rago ya yi ta fizga har ya gaji turke ko gezau, amma in a yashi ne ko bai shiga da kyau ba, zai riƙa sunkuyawa kaɗan kaɗan har ramin ya buɗe. Gindin fila ma haka ne, iri biyu muke zana shi. Akwai mai gwiwa, wanda ba ya zamewa ba ya nutsewa amma yana iya ɗan juyawa a wurin. Akwai kuma kafaffe, wanda ba ya zamewa, ba ya nutsewa, kuma ba ya juyawa ko kaɗan. Wannan na ukun, hana juyawa, shi ne mai cin kuɗi, don ƙarfin da ke son lanƙwasa filar, wanda mu a ofis momen muke ce masa, ba ɓacewa yake yi ba, gangarawa yake cikin fandesho, fandesho kuma ya miƙa wa ƙasa.

A gida mai hawa ɗaya ko biyu ba wanda zai damu da wannan, nauyi ne kawai ke danna ƙasa kuma ba shi da yawa. Bene mai hawa 20 kuwa fila ɗaya ta tsakiya tana iya ɗaukar tan 900, wato kamar a ɗora tirelar siminti 30 masu buhu 600 a kan wuri ɗaya da bai kai faɗin tabarma ba. Sannan ga iska. Kun san guguwar farkon damina da ke kwashe kwanon mutane a Nyanya da Kubwa, toh ita dogon gini take samu kamar bango ta tura, kuma in tsawon gini ya ninka biyu ƙarfin da ke son kifar da shi daga gindi ninki huɗu yake yi ko ma fiye, tunda can sama iskar ta fi ƙarfi. Gefen da iska ta bugo yana son ɗagowa, ɗaya gefen yana ƙara nutsewa. Shi ya sa ba filoli kaɗai muke dogara da su ba, wannan ɗakin kankare mai kauri da kuke gani an zagaye lif da matakala da shi tun daga ƙasa har sama, shi ne ƙashin bayan ginin, shi ke shan yawancin iskar, kuma shi ne dole gindinsa ya kafu da gaske.

Yanzu maganar dutse. Gaskiyarku Baba, Abuja kan tsohon dutse take, ga Aso ga Zuma ga Katampe kowa na gani, kuma mun fi 'yan Legas sa'a nesa ba kusa ba, su da a Ikoyi da Victoria Island sai sun ratsa yashi da laka mai zurfi. Amma dutsen namu ba shimfiɗe yake kamar faranti ba, hawa da sauka yake a ƙarƙashin jar ƙasa. Wani aiki da na yi a wajajen Jahi, mun huda rami biyar na gwajin ƙasa, kusurwar gabas muka samu dutse a mita 3, kusurwar yamma kuwa sai da muka wuce mita 14, a fili ɗaya fa. Wani ramin ma injin ya ci karo da dutse kowa ya yi murna, ni dai hankalina bai kwanta ba na ce a ci gaba da hudawa, ashe ƙaton dutse ne kawai kwance cikin ƙasa, bai kai mita 2 ba muka fasa shi muka sake faɗawa ruɓaɓɓen dutse mai rugujewa a hannu kamar garin kwaki. Mai ginin ranar har fushi ya yi dani wai ina ƙona masa dizal. Da an ɗora fila a kan wannan dutsen, rabin gini na kan abu mai tauri rabi na kan mai laushi, ba rushewa zai yi rana ɗaya ba, sannu a hankali gefe ɗaya zai riƙa zama, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, lif ya fara gogar bango.

Abin da nake faɗa wa yaran da ke zuwa mana bautar ƙasa kenan kullum. A kwamfuta danna abu ɗaya kawai za ka yi gindin fila ya zama kafaffe, lissafi ya fito tsaf, rodi ya ragu, kowa ya ji daɗi. Amma ƙasar ba ta ga kwamfutarka ba. In fandeshon ƙarami ne a kan ƙasa mai laushi zai ɗan juya, kafaffen nan naka ya koma mai gwiwa ba tare da ya sanar da kai ba, ginin ya yi lilo fiye da yadda ka lissafa, nauyin ya koma kan bim da filolin da ba a shirya su don shi ba. Don haka sai rahoton ƙasa ya zo tukuna muke zaɓa. In dutse na kusa, fandesho ɗaiɗai ko a haɗe ya wadatar. In ƙasar matsakaiciya ce sai a zuba tabarmar kankare guda ɗaya mai kauri a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya. In mai kyaun ta yi nisa sai failin, turakun kankare da rodi da ake hudawa a zuba har su taka dutse ko su riƙe ƙasa da jikinsu. Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 haɗawa aka yi, tabarma mai kaurin mita 3.7 a kan turaku kusan 200. A San Francisco ta Amurka kuwa akwai bene mai hawa 58, Millennium Tower, da turakunsa ba su kai dutse ba, an gama shi 2009, zuwa 2016 ya nutse wajen santimita 40 ya kuma karkata, gyaran ya ci wajen dala miliyan 100. Su ma fa injiniyoyi ne masu takardu.

Mu nan ma tun motsin ƙasar da aka ji a Mpape a watan Satumban 2018 na daina yi wa masu cewa a lissafa da girgiza dariya.

Sai ɓangaren da ya shafe ku kai tsaye, ku masu hannu. Ko zane ya yi kyau, kafuwar fila a rodin da ke fitowa daga fandesho take. Dole ƙafarsa ta lanƙwashe ta kwanta kan ragar rodin da ke ƙasan fandeshon, dole wanda za a ɗaura masa daga sama su haɗu da tsawo, wajen ninki 50 na kaurin rodin, in mai kaurin milimita 25 ne kenan mita ɗaya da kwata. Na taɓa zuwa sayit da sassafe na tarar mai ɗaurin rodi ya rage wannan haɗin zuwa kamu biyu, ringin da ke zagaye rodin filar ma ya ware su, ya tara guntayen a bayan kwantena, da na tambaya sai ya ce ai oga kankare zai rufe. Zai rufe kam. Na sa aka kwance fila goma sha ɗaya, ranar ba wanda ya gaishe ni da zan tafi.

Kar kuma a ɗauka kafaffe ne ya fi dacewa a ko'ina. Ku duba ƙarƙashin gadojin sama na garin nan za ku ga an ɗora su kan wasu faifan roba, da gangan ne, don kankare na miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, in ka ɗaure shi ta ko'ina shi zai tsaga kansa.

Batun cin kuɗi kuma ba zan rantse wa kowa ba Baba, akwai masu cika rodi don tsoro ko don ba su iya lissafin ba, akwai masu cikawa a takarda su rage a rami. In kuna son ganewa ku tambayi rahoton gwajin ƙasa da sakamakon kankaren da aka fasa bayan kwana 28, mai gaskiya zai miƙo muku nan take. Wancan na Central Area ban san ƙasarsu ba, amma in da benen ƙasa biyu ko uku na ajiye motoci, ga fasa dutse ga ruwa ga tare gefen rami kar titi ya zabtaro, wata biyar bai yi yawa ba.

Ranar Asabar in Allah ya kaimu za mu zuba tabarma a Jahi, tun bayan asuba za a fara kuma ba tsayawa sai an gama. Zan turo yaro ya ɗauko ku, akwai hular kwano da takalmi daidai ku, ku zo ku shiga ramin ku ƙirga rodin da kanku kafin a rufe. A gaida Hajiya.

Ɗanku, injiniya.